"Bank On It": Wai Kuɗin Banki Burna Boy Yake Nufi?

Duk wanda ya saurari kundin Twice as Tall na Burna Boy, wanda ya fito a 2020 ya kuma ciyo masa Grammy a 2021, ya san waƙar da aka rufe shi da ita, wato "Bank On It". Da yawanmu da mun ga kalmar bank sai hankali ya tafi kan asusu da ATM. To jama'a, ba can aka dosa ba.

A Turanci, bank on na nufin ka sakankance abu zai faru, har ka ɗora shirinka a kansa. Ya fi ƙarfin sa rai. Mai sa rai "Allah ya sa" yake cewa, shi kuwa wannan tuni ya kai wa tela ankon biki. Idan furodusa ya ce wa jaruma "I'm banking on you", yana gaya mata ne cewa da ita ya dogara, in ta ba shi kunya kuɗinsa sun bi ruwa.

Wannan ƙamshin kasadar shi ya raba ta da 'yar uwarta count on, wadda kuka sani a sunan waƙar Bruno Mars ta 2010, "Count on Me". Ma'anarsu kusan ɗaya ce, amma count on ta fi taushi, ta fi dacewa da amana tsakanin abokai ko masoya. A ganina in saƙon soyayya za ka tura, ita za ka ɗauka.

Inda za ku fi jin bank on a finafinan Amurka da Ingila shi ne wajen sanyaya wa mutum gwiwa. Abokinka ya ce lallai ranar Sallah za a saki ci gaban fim ɗin da kuke jira, kai kuma ka san halin 'yan fim da ɗage rana, sai ka ce masa "Don't bank on it". Wato dai kar ka saki baki.

A kula wajen rubutu: aikatau in ya biyo bayanta, -ing yake ɗauka. "She's banking on getting the role" ake cewa, ba "to get" ba. Sannan ba a raba kalmomin biyu. Wanda ya rubuta "bank it on" a ƙarƙashin hoton gwaninsa a Instagram, ya shirya shan tsiya a wajen 'yan adawa.