JIRGIN GUZURI, MAI SHAYAR DA JIRAGEN YAƘI A TSAKIYAR TEKU

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan magana ta shafi jiragen ruwan yaƙi kamar yadda ta shafi ɗan Adam. Kome girman jirgi, kome yawan bindigoginsa, in mai ya ƙare ko abinci ya yanke, tilas ya juya ya nemi gaɓa. Shi ya sa manyan ƙasashe suke ƙera jirgi na musamman wanda aikinsa shi ne bin runduna da guzuri, kamar yadda ayarin Bilma yake ware raƙuma masu ɗaukar ciyawa kafin ya shiga Tenere.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage shi ne «Jacques Chevallier» na sojan ruwan Faransa. An ƙera goshinsa a Italiya, aka jawo shi zuwa San-Nazer a Faransa, inda aka haɗa shi da sauran jikinsa. An saka shi ruwa a shekarar 2022, soja suka karɓe shi a 2023. Shi ne na fari cikin jirage 4 da aka yi odarsu a 2019.

Tsawonsa mita 194 ne, wato kusan filin ƙwallo biyu. In ya yi lodi, nauyinsa ya kai tan dubu 31. Yana ɗaukar mai lita miliyan 13: gazuwal don jiragen ruwa, kananzir don jiragen sama. Da za a juye wannan mai cikin manyan motoci masu cin lita dubu 40, sai an jera mota 325. Ban da mai, yana ɗaukar kaya tan 1500, abinci da harsasai da kayan gyara. Ma'aikatansa 130 ne. An yi masa bango biyu, don ko na waje ya fashe kada mai ya malala cikin teku.

YADDA AKE BA DA MAI

Ba a tsayawa. Jirgi mai bukata yakan matso gefen jirgin guzuri, su jera suna tafiya da gudu ɗaya, tsakaninsu kamar mita 40 ko 50. Sai a harba siririyar igiya daga wannan zuwa wancan. Da ita ake jawo igiyar ƙarfe, a ɗaure ta tam, sa'an nan tiyon mai ya zurara a kanta har ya shiga bakin tanki. Akwatunan kaya ma ta kan igiya suke ƙetarewa, wasu kuma jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke su. Ana iya shayar da jirage biyu lokaci guda, ɗaya dama, ɗaya hagu.

Aikin yana da haɗari ƙwarai. Ruwan da ke gudu tsakanin jiragen yakan jawo su su kusanci juna, kuma kuskure kaɗan na matuƙi ya isa ya sa su yi karo alhali mai yana kwarara. Saboda haka ma'aikata suke yawan koyon yadda za su cire tiyo su rabu nan take.

ABIN DA YA SA AKE TSARONSA

Babban jirgin Faransa mai ɗaukar jiragen sama, «Charles de Gaulle», da ƙarfin nukiliya yake tafiya, ba ya shan gazuwal. Amma jiragen saman da ke bisansa kananzir suke sha, mutanensa kusan 2000 kuma kullum sai sun ci. Da ya tashi daga Tulon a ƙarshen 2024 ya nufi tekun Pasifik, «Jacques Chevallier» yana tare da shi, har suka komo a watan Afrilu na 2025.

Abokan gaba sun san haka, shi ya sa suke farautar jiragen kaya. A yaƙin tsibiran Malwin na 1982, jiragen saman Ajantina sun harbi «Atlantic Conveyor», wani jirgin ƴan kasuwa da Ingila ta ɗora wa kayan soja. Manyan jirage masu saukar ungulu da ke cikinsa suka ƙone, sojojin Ingila da yawa suka ratsa tsibiri a ƙasa da kaya niƙi-niƙi a baya. Shi ya sa hafsoshin ruwa, kafin su ƙidaya bindigogi, sukan fara tambayar kwana nawa guzuri zai kai su.