Darar ces: Haddar mabuɗin wasa da tarkon da ke cikinta

A duk inda gwanayen darar ces biyu suka zauna a kulob, sau da yawa tafiya goma ko sha biyar ta farko kan wuce cikin 'yan mintuna. Ba gaggawa ce ke jawo haka ba, hadda ce: kowannensu ya taho da abin da ya tanada tun daga gida.

Mabuɗin wasa ilimi ne mai zaman kansa. Mai fararen 'ya'ya yana da zaɓi 20 a tafiyar farko, mai baƙaƙe ma 20, wato tun daga nan allon na iya ɗaukar siffa 400. Wani kundi da ake wallafawa a birnin Belgrade tun 1974 ya kasa mabuɗan gida 500, daga A00 zuwa E99. Wasu sun kwana biyu a duniya, kamar salon Ruy Lopez, wanda ya samo suna daga wani malamin coci ɗan Sifaniya da ya rubuta littafi a 1561.

Tanadi yana da rana. A Landan a 2000, Vladimir Kramnik ya farfaɗo da kariyar Berlin, wadda manyan 'yan wasa suka daɗe da jinginewa. Garry Kasparov bai ci ko wasa ɗaya ba, kambun duniya kuma ya kuɓuce masa.

Shekara huɗu bayan nan, a garin Brissago na Switzerland, reshe ya juye da mujiya. A wasa na 8, Peter Leko ɗan Hungary ya zaɓi farmakin Marshall, inda mai baƙaƙe ke sadaukar da soja ɗaya don ya afka wa sarki. Kramnik ya riƙa zuba abin da tawagarsa ta shirya da kwamfuta, Leko kuwa yana ta nazari har lokacinsa ya kusa ƙarewa. Ashe akwai ɓaraka a shirin. Leko ya gano ta a kan allo, ya ci wasan. Sai a wasa na 14, na ƙarshe, Kramnik ya rama, aka tashi 7–7, ya tsira da kambunsa.

Yau manhajar Stockfish kyauta ce, ɗan kulob a Abuja ko Legas na iya ɗora ta a wayarsa. Za ta nuna masa tafiyar da ta fi, amma ba za ta zauna a gefensa ranar gasa ba. Da zarar abokin karawa ya kauce daga hanyar da aka haddace, wanda bai san dalilin kowace tafiya ba zai gane cewa zanen aro ba ya rufe katara.