Bindigar Iska da Tsaron Akurkin Kaji

Hausawa sukan ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Mai kazar ma yana gudunta, gama a gidaje da yawa kaji su ne asusun iyali. Da kuɗinsu ake sayen littafi da sabulu, da su ake cika kuɗin makaranta sa'ad da hatsi bai yi daraja ba, su ne kuma ake yanka wa baƙo. Saboda haka idan an wayi gari aka tarar 'yan tsaki 8 sun koma 3, hasara ce da kowa a gidan zai ji a jikinsa.

Wannan damuwa ba tamu kaɗai ba ce. A Ingila da Amurka mutane da yawa suna kiwon kaji kaɗan a bayan gida, su ma namun daji suna yi musu ɓarna. Waɗansunsu sukan sayi wata irin bindiga da ake kira bindigar iska domin tsaron akurki. Yanzu da wayar hannu take kawo mana hotunan bidiyo daga ko'ina, matasanmu suna ganin wannan bindiga, suna tambaya ko ita ce maganin shirwa da muzuru. Muna so mu bayyana yadda take aiki, da abin da take iyawa, da inda ƙarfinta ya tsaya, domin kowa ya yi lissafi kafin ya kashe kuɗinsa.

Mece Ce Bindigar Iska?

Bindigar da muka saba gani a hannun maharba tana aiki da albarushi. Wuta takan kama albarushin, hayaƙinsa ya turo harsashi waje. Bindigar iska ba ta da albarushi ko kaɗan. Matsattsiyar iska ce take turo wata 'yar ƙwayar dalma ta cikin bututu.

Akwai iri 3 da aka fi sani. Ta fari tana da sifirin mai ƙarfi a ciki. Idan an karya bututun ƙasa, sifirin ɗin ya matse. Idan an taɓa kunama, sai ya saki, ya tura fistin gaba, fistin ya matse iska, iska ta fitar da ƙwayar. Ta biyu tana da ƙaramin tulun ƙarfe wanda ake cika wa iska da famfo tun kafin a fita, a yi harbi da yawa kafin a sake cikawa. Ta uku tana aiki da 'yar kwalbar iskar gas irin wadda ake sa wa lemon kwalba.

Ba sabon abu ba ce. Wajen shekarar 1780 sojojin Ostiriya sun fara riƙe wata bindigar iska wadda wani maƙeri mai suna Girardoni ya ƙera, tana ɗaukar harsashi wajen 20. Lewis da Clark, waɗanda suka ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806, su ma sun tafi da bindigar iska. Amma waɗanda ake sayar wa masu kaji a yau ƙanana ne. Faɗin ƙwayarsu yawanci milimita 4.5 ne ko 5.5. Ƙaramar ƙwayar tana da nauyin rabin giram, babbar kuwa wajen giram 1.

Iyakar Ƙarfinta

'Yan ajin kimiyya sun san ana auna ƙarfin abu mai gudu da jul. A Ingila, bindigar iskar da mutum zai riƙe ba tare da takardar izinin 'yan sanda ba, ba za ta wuce jul 16 ba. Ƙwaya mai rabin giram da ta fita da gudun mita 240 a daƙiƙa tana ɗauke da jul 14 da ɗoriya. Ƙaramar bindigar albarushi da manoman Turai suke harbin zomo da ita ta fi wannan ƙarfi kusan sau 10.

Wannan lissafi shi ne yake nuna mana aikin bindigar iska. Tana kashe ɓera, da kurege, da tantabara, da zomo, in an same su a kai, in kuma nisan bai wuce mita 30 ba. A Ingila aikinta mafi yawa a wurin kaji shi ne harbin ɓeraye da dare a inda suke zuwa cin dusa.

Amma manyan masu cin kajin sun fi ƙarfinta. A Ingila babban abokin gaban kaza shi ne yanyawar Turai, wadda ta kusa dila girma. A Amurka akwai wata dabba da ake kira rakun, mai yatsu kamar na biri, tana iya zare sakata ta buɗe ƙofa. Idan an harbi irin waɗannan da bindiga mai jul 16, yawanci rauni kawai ake yi musu. Dabbar ta gudu da dalma a jikinta, ta yi kwanaki tana shan azaba kafin ta mutu ko ta warke. Haka zai faru a nan idan an harbi dila, ko kare, ko babban muzuru. Wannan zalunci ne ga dabbar, kajin kuma ba su tsira ba.

Shirwa da shaho fa? Su daga sama suke faɗowa, su suri ɗan tsako su tashi kafin mutum ya ɗaga bindiga. Wanda ya harba sama kuwa bai san inda ƙwayar za ta sauka ba.

Abin da Doka Ta Ce

Mutane da yawa suna zaton bindigar iska abin wasan yara ce. Hukumomi ba su ɗauke ta haka ba. A Ingila ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, laifi ne kuma mutum ya yi harbi ƙwayar ta ƙetare iyakar gidansa. A ƙasar Sikotilan, wani yaro ɗan shekara 2 ya mutu a birnin Gilasgo a 2005 bayan ƙwayar bindigar iska ta same shi a kai. Daga baya aka yi doka a 2015, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2016, cewa duk mai bindigar iska sai ya nemi lasisi.

Tsuntsaye ma doka ta tsare su. A Ingila dokar namun daji ta 1981 ta hana kashe shaho da mujiya. A Amurka dokar tsuntsaye ta 1918, wadda aka faɗaɗa a 1972, ita ma ta hana, ko da shahon yana cin kajin mutum, sai fa da izini na musamman.

A nan Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin jerin bindigogin da ba a riƙewa sai da lasisin 'yan sanda. Wanda aka kama da ita babu takarda, ba zai kuɓuta da cewa ai ta iska ce ba. A irin halin tsaron da ake ciki kuma, saurayin da aka hanga da dare riƙe da abu mai kama da bindiga ya sa ransa cikin hatsari.

Hatsarinta a Cikin Gida

Ƙwayar da ba ta iya kashe dila tana iya fasa idon yaro. Idan ta kuskure ɓera, tana iya tafiya wajen mita 300. Idan ta bugi siminti, ko dutse, ko ƙarfe, takan yi tsalle ta koma inda ba a nufa ba. Gidajenmu kuwa a haɗe suke, zana ko danga ce kawai tsakaninmu da maƙwabta, yara da awaki suna kai da kawowa dukan yini.

Akwai wani hatsarin da ba a gani da ido. Ƙwayar dalma ce, kaza kuwa takan tsinci duk wani ƙaramin abu mai ƙyalli ta haɗiye. Dalmar tana narkewa a cikinta, ta shiga jini, ta shiga ƙwai. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400, ya isa ya koya mana kada mu warwatsa dalma a inda muke samun abinci.

Mu Fara Sanin Ɓarawon

Kafin a nemi makami, sai a san wanda yake ɓarnar. Hanya mai sauƙi ita ce a share kewayen akurki da yamma, a barbaɗa toka ko lallausan yashi, da safe a duba sawu. Alamu kuma suna taimako:

Idan 'yan tsaki suna ɓacewa da rana a fili, shirwa ce, ko shaho, ko hankaka.

Idan suna ɓacewa da dare, ga ramuka a gindin bango, ga kashi baƙi-baƙi kusa da dusa, ɓera ne ko gafiya.

Idan ƙwai yana ɓacewa babu ɓawo, a yi zaton maciji, gama shi ɗungum yake haɗiyewa. Guza ma tana shan ƙwai.

Idan an tarar da kaji da yawa a mace da cizo a wuya ko a kai, aikin tunku ne, ko inyawara, ko muzuru.

Idan babu jini, babu gashi, an kuma mayar da sakata yadda take, to, wannan ɓarawon ƙafa biyu gare shi.

Idan kuwa kaji suna takurewa, suna zawo kore, wuyansu yana murɗewa, suna mutuwa bi da bi babu rauni, cutar Niyukasil ce, wadda takan share kajin gari musamman da hunturu. Maganinta rigakafi ne. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin maganin rigakafin, ana samunsa ta hannun malaman dabbobi.

Gyaran Akurki

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Masu kaji a Amurka da suka daɗe suna fama da rakun sun gane cewa gyaran akurki ya fi harbi amfani, dalilin kuwa a fili yake. Macen ɓera tana ɗaukar ciki kwana 21 zuwa 23, kusan daidai da kwanakin da kaza take kwanci, ta haifi 'ya'ya 6 zuwa 12, su ma cikin wata 3 sun fara haihuwa. Muddin akwai dusa a zube, duk wanda aka harbe wani zai maye gurbinsa. Ga abubuwan da kowane gida zai iya yi:

1. A rufe kaji kowace yamma kafin duhu, a sa ƙofa mai ƙarfi da kwaɗo.

2. A toshe kowace kafa. Ragar waya mai manyan idanu da aka saba sawa tana hana kaza fita, amma ba ta hana ɓera da maciji shiga. A nemi mai ƙananan idanu, kamar santimita 1, a sa a tagogi.

3. A binne ragar waya ko a jera duwatsu a gindin bango, zurfin santimita 30, saboda masu tono. In da hali a daɓe ƙasan da siminti, ko a ɗaga akurkin bisa ƙafafu.

4. A kwashe ragowar dusa da tsaki da yamma, a ajiye hatsi cikin duro mai murfi. A kwashe ƙwai kowace rana.

5. A nome ciyawa, a kawar da tarin itace da kara daga jikin akurki, gama nan ne maɓoyar ɓera da maciji.

6. A tsare 'yan tsaki ƙarƙashin babban kwando ko rumfa mai raga har su yi mako 6. A bar wa manyan kaji inuwa da wurin fakewa idan zakara ya yi kukan shirwa.

7. A kafa tarkon ɓera cikin akwati mai ƙaramar ƙofa, inda kaza da yaro ba za su kai ba. A yi hankali da shinkafar ɓera, gama tana kashe kazar da ta ci ta, da kyanwar da ta ci mushen ɓeran.

Har wa yau, mu daina jifan farar mujiya. Mutane suna ƙinta saboda camfi, alhali kuwa ɓeraye ne abincinta. A ƙasar Maleshiya manoman kwakwar manja har akwatuna suke kafa mata a gonaki domin ta zauna ta yi musu maganin ɓera.

Kammalawa

Bindigar iska tana da ɗan amfaninta a hannun babban mutum mai lasisi, wanda ya iya saiti, wanda ya san abin da yake bayan abin da zai harba, ɓera kuma yake nema. In ban da wannan, hatsarinta ya fi ribarta. Mutum yakan yi barci, amma ragar waya da kwaɗo suna tsaro dukan dare, kuɗinsu kuma bai kai na bindiga ba. Muna roƙon 'yan makaranta, sa'ad da kuka koma gida hutu, ku zagaya akurkin gidanku ku duba gindin bango, da tagogi, da ƙofa. Duk kafar da ɗan yatsa ya shiga, ku toshe ta kafin rana ta faɗi.