Koyon fiyano: Abin da ya kamata iyaye su sani kafin su ce a'a

A gidajen Hausawa da dama a nan Greensboro da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Pleasant Garden, an sha yin sa-in-sa a kan takarda guda ɗaya. Yaro ya dawo daga makaranta da takarda mai layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige baƙaƙe, ya ce yana son koyon fiyano, uban kuma ya kada baki ya ce shi bai haifi maroƙi ba.

Ba a rasa dalilin wannan fargaba ba. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an daɗe ana haɗa shi da roƙo. Ta fuskar addini ma malamai sun yi saɓani, wannan kuwa kowane gida da malaminsa. Sai dai a makarantun gundumar Guilford darasin kiɗa yana cikin manhaja tun daga firamare, saboda haka ko mun so ko mun ƙi yaranmu za su ci karo da shi. Gara uba ya san abin da ke cikin takardar kafin ya yanke hukunci.

Fiyano dai wani Ba'italiye ne mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙera shi a birnin Florence wajen shekarar 1700. Cikakkensa yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Yawan kada ya tsorata mai karatu, domin sunaye bakwai ne kacal suke ta maimaita kansu: A, B, C, D, E, F, G. In ka lura, baƙaƙen a jere suke biyu-biyu da uku-uku. Farin da ke hagun kowane baƙaƙe biyu, shi ne C. Da zarar yaro ya iya gano C da ke tsakiyar fiyano, to ya sami ƙofar gida.

Iyayenmu da suka yi boko a Nijar suna da wata dama a nan, ko da yake da yawa ba su ankara ba. Do, re, mi, fa, sol, la, si da ake rerawa a makarantun Faransanci su ne dai waɗannan sautuka. C shi ne do, D shi ne re, haka har zuwa B wanda yake si. Uba ɗan Maraɗi da ɗansa haifaffen Amurka abu ɗaya suke faɗa da baki biyu.

Shi kuma rubutun, layuka biyar ne da gurabe huɗu a tsakaninsu. Alamar da ta hau sama sautinta siriri ne, wadda ta sauko kuma mai kauri. A jerin sama, wanda galibi na hannun dama ne, layukan daga ƙasa su ne E, G, B, D, F, guraben kuma F, A, C, E. Jerin ƙasa na hannun hagu ne, kuma sunayensa daban suke, a nan ne sabon ɗalibi ya fi rikicewa. Siffar alamar ita ke nuna tsawon sautin. A lissafin da aka fi fara koyarwa, zagaye mai farin ciki bugu huɗu ne, in an sa masa sanda ya koma biyu, in an cike cikinsa da baƙi ya zama ɗaya. Yatsu ma lamba gare su, babban yatsa 1, ƙaramin 5. Duk wanda ya koyi wasula da tsawon madda a makarantar allo ya san irin wannan karatu.

Ba sai an sayi babban fiyano ba. Ƙaramin na lantarki mai maɓallai 61, irin na Yamaha ko Casio, ya ishi mai farawa, kuma minti 15 kullum sun fi awa biyu ranar Asabar amfani.

Jihar nan tamu ba baƙuwar wannan harka ba ce. Thelonious Monk an haife shi a Rocky Mount a 1917, Nina Simone kuma a Tryon a 1933, kuma tun tana ƙarama ta fara kaɗa fiyano.

Abin da ya fi damuna shi ne namu na gida. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Muryoyinsu suna nan a kaset, amma kiɗan kalangu da kuntigi ta kunne ake gadonsa, yaron Pleasant Garden kuwa ba shi da makaɗin da zai zauna kusa da shi. A Kano ma, inda fiyano ya mamaye waƙoƙin fina-finai, akasari da kunne ake kaɗa shi. Yaron da ya iya rubutun nan zai iya sauraren kaset ya sauke karin a takarda. Baƙaƙen maɓallan kaɗai suna ba da sautuka biyar, kusa da tsarin da waƙoƙinmu da yawa suke tafiya a kai.

Na ce kusa, domin fiyano ba ya lanƙwasa sauti. Goge yana zamewa tsakanin sauti da sauti, mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata gangar ta yi magana, shi kuwa fiyano abin da ke tsakanin fari da baƙi ba ya iya furta shi.