Tayar gaba daban, ta baya daban: Abin da 'yan acaɓa ke ɗauka ƙaramin abu

Tun bayan da aka hana acaɓa shiga tsakiyar birnin Abuja a shekarar 2006, sana'ar ta koma garuruwan gefe irin su Nyanya da Kubwa da Lugbe da Mararaba. A can, akan ga babur ɗin da tayoyinsa biyu ba daga kamfani ɗaya suka fito ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tayar baya ce ke ɗaukar nauyin fasinja da kaya, ita ce kuma ke karɓar ƙarfin inji, don haka takan riga ta gaba suɗewa. Mai babur sai ya sauya ta kaɗai, da wadda aljihunsa ya iya saye.

Kasuwar ma ta taimaka. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008. Yau akasarin tayoyin babur daga waje ake shigo da su, irin su MRF da CEAT na Indiya da Kenda na Taiwan, ga kuma tarin na Sin, wasu ko sunansu ba a sani ba.

Masu ƙera tayoyi suna tsara ta gaba da ta baya ne a matsayin abokan aiki. Kowane kamfani da irin haɗin robarsa da lanƙwasar bayan tayarsa da zanen da ke korar ruwa daga ƙarƙashinta. Mota tana tsaye ne a kan ƙafa huɗu, amma babur sai ya kwanta gefe kafin ya sha kwana, kuma abin da ke riƙe shi da kwalta bai wuce tafin hannu ba. Idan ta gaba mai taurin roba ce, ta baya kuma mai laushi, riƙonsu ba zai zo ɗaya ba. Da rani ba lalle a ji bambancin ba. Da damina, a kan jiƙaƙƙen titi, ranar da aka taka birki ba shiri, a nan ne ake gane shi, kuma zamewar tayar gaba ba kasafai ake iya ceto ta ba.

Duk da haka, bambancin suna shi kaɗai ba shi ne babban haɗari ba, musamman ga ƙananan babura irin Bajaj Boxer da ba sa tsananin gudu. Abin da ya fi muni shi ne saɓanin awo da na ƙira. Lambobin da ke jikin taya, kamar 2.75-17 ko 3.00-17, suna nuna faɗinta da girman wilin da za ta hau. Wasu kan sa wadda ta fi faɗi don ta ɗauki lodi, alhali hakan na sauya yadda babur ke juyawa. Haka nan haɗa taya mai ƙirar radiyal da mai tsohuwar saƙa abu ne da kamfanoni ke gargaɗi a kansa, sai fa inda maƙerin babur ɗin ya amince.

Sai batun shekaru. A gefen taya akwai lambobi huɗu: 2322, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha jan hankalin direbobi cewa kada a yi amfani da tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa. Sabuwar taya a baya ba ta rufe aibin tsohuwa mai tsattsagewa a gaba, kuma mai faci a bakin hanya zai iya karanta wa mutum waɗannan lambobi kafin ya biya kuɗi.