Dala ashirin ko sefa ɗari? Yadda iyaye a Bracodi za su taimaki yara da lissafi da rubutu

Yaron da ya tashi a Bracodi cikin Adjamé, ko a gidajen Hausawa na Treichville, yakan shiga ajin CP1 da harshe biyu ko uku a bakinsa: Hausa a gida, Jula a kasuwa, Faransancin titi wurin wasa. Lakwal kuwa da Faransancin littafi take karantarwa. Tun 2015 doka ta wajabta karatu a Kwaddibuwa ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16, sai dai shiga aji daban, fahimta daban. Binciken PASEC na 2019, wanda ya shafi ƙasashen Afirka 14, ya nuna cewa cikin ɗaliban ƙarshen firamare a ƙasar, waɗanda suka kai matakin da ake so a lissafi ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Matsalar takan faro tun daga CP1 da CP2, kuma a nan ne gida zai iya yin aiki, ko da iyaye ba su jin Faransanci.

Ƙidayar kasuwa da ta aji

Bahaushe yana ƙirga kuɗin sefa da dala, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan uwa ta ce “ga ashirin, sayo sikari”, sefa 100 ta miƙa. Dala goma 50 ke nan, dala ɗari 500, jikka 1000. Haka Jula suke yi: da suka ce “mugan”, wato ashirin, ɗari suke nufi. Yaro na jin ashirin a kunne, yana ganin 100 a jikin kuɗin, malami kuma ya rubuta 20 a allo ya ce ashirin ke nan. Dole ya ruɗe.

Maganin shi ne a bayyana masa ƙidayar biyu a fili. A zuba tsabar 25 da 50 da 100 a tabarma, a faɗi sunan kowanne da dala, shi kuma ya karanta lambar da ke jiki. Yaron CE1 da ya gane cewa dala bakwai sefa 35 ce ya riga ya kama jadawalin ninkawa na 5.

Tarko na biyu yana cikin Faransancin kansa. Saba'in ita ce soixante-dix, wato sittin da goma. Tamanin quatre-vingts, ashirin sau huɗu. Shi ya sa yara kan rubuta 6010 maimakon 70, ko 420 maimakon 80. A nan Hausa ta fi sauƙi: “saba'in da biyu” tana bin tsarin 72 daidai, gomomi sannan ɗaiɗai. A ɗaure tsinken ashana goma-goma, ya ƙirga ɗauri bakwai da tsinke biyu, ya faɗa da Hausa, ya rubuta, sannan ya faɗa da Faransanci.

Hannu biyu na rubutu

Yara da yawa suna haɗa lakwal da makarantar allo. Can ana fara rubutu daga dama, nan daga hagu. Ba laifin ɗaya daga ciki ba ne, amma hannun ɗan shekara shida yana buƙatar tuni. A sa masa ɗigo a gefen hagu na shafi, ya san daga nan ake tashi. Juya b ta zama d, ko p ta zama q, abu ne da aka saba gani a farkon koyo, maimaici ke gyara shi, duka kuwa sai ya sa yaro ya tsani alƙalami.

Lakwal tana koyar da rubutu mai haɗe da juna, a littafi mai ƙananan layuka da ke auna tsawon kowane harafi. Kada babba ya koya masa wani salo na daban. A bi samfurin da malami ya rubuta a saman shafi. A fara da ƙaramin allo da alli, inda kuskure ke gogewa ba asara, kafin a koma littafi. Kalma uku a rana sun isa: sunansa, sunan unguwa, abin da za a sayo a kasuwa.

Abin da ake bukata daga iyaye

Minti goma sha biyar kullum, bayan Magariba ko kafin a fita kasuwa, ya fi awa biyu ranar Lahadi. A kashe talabijin, a ajiye waya. Uban da bai yi boko ba zai iya buɗe littafin, ya duba inda jan biro ya taɓa, ya ce: “Faɗa mini da Hausa abin da malam ya ce ku yi.” In yaro ya iya bayyanawa, ya gane. In ya kasa, sai a je a ga malamin tun kafin sakamakon zango ya fito.

Yayye na CM1 da CM2 suna da amfani, da sharaɗin su nuna hanya, kada su yi masa aikin. A kuma ba 'ya mace lokacinta daidai da na namiji, kada wanke-wanke da talla su cinye shi. Jarrabawar CEPE tana ƙarshen CM2, amma abin da za a tambaya a cikinta ya dogara ne a kan ƙidaya da haruffan da aka koya shekara biyar kafin nan.