Kafin ki jefa kafso a ruwan kaza, duba tafin ƙafarta

A gidajenmu da yawa akwai kazar da ta wuce ta yanka. Yara sun raɗa mata suna, tana bin uwar gida har madafa. Ran da ta fara ɗingishi, abin da aka fi yi shi ne a fasa kafson nan ja da yalo a zuba mata a ruwa. Wannan gaggawar ba ta da amfani, domin ɗingishi kala-kala ne, kuma mafi yawansa ido ne ke gano shi idan an ɗaga ƙafar an duba.

A fara da yatsu. Zare, gashin ƙari da aka yar bayan kitso, da zaren buhu sukan naɗe yatsa, su nutse cikin fata har jini ya daina gudu. A yanke su a hankali da ƙaramin almakashi. Idan aka yi sakaci, yatsan yakan yi baƙi ya guntule.

Sai tafin ƙafa, inda babbar matsalar take. Idan ya kumbura, da ɗumi, ga wani baƙin ɓawo a tsakiya, to ƙwayar cuta ce ta shiga ta wani ɗan rauni, galibi wadda likitoci ke kira Staphylococcus. Ƙaya, ƙusa, fasasshiyar kwalba, ko dirowa daga wuri mai tsayi kan siminti duk suna buɗe mata ƙofa, jiƙaƙƙen kashi a akurki kuma ya ƙarasa aikin. Zakara mai nauyi da kajin gidan gona sun fi kamuwa. Mugunyar kaza ba ruwa ba ce irin ta mutum, daskarewa take yi kamar awara. Shi ya sa matsawa ba ta fitar da ita, maganin da aka zuba a ruwa kuma da ƙyar yake kai mata.

Idan abin bai yi nisa ba, a naɗe kazar da zane don ta natsu, a tsoma ƙafar cikin ruwan ɗumi mai gishiri na minti 10 zuwa 15. Ɓawon zai yi laushi. In ya ɗago da kansa, a goge wurin da ayodin, a sa auduga mai tsabta, a ɗaure da bandeji ta tsakanin yatsu, ba da ƙarfi ba. A canza ɗaurin kullum, a ajiye ta ita kaɗai a kan busasshiyar diddigar katako, da abinci da ruwa kusa da ita. A wanke hannu da sabulu bayan an gama, don ƙwayar tana kama mutum. Don Allah kada a sa reza a tsaga. Kaza ba ta kuka kamar akuya, amma tana jin zafi, kuma akwai jijiyoyi a wurin. In kumburin ya hau gwiwa ko ta daina ci, aikin likitan dabbobi ne.

Wata kazar kuma ɓawon ƙaurinta ne ke tashi, ya yi kaushi da fari-fari. Wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani ke haƙa a ƙarƙashi. A wanke, a shafe da man basilin duk bayan kwana biyu ko uku har tsawon makonni, a share akurki. Kada a shafa baƙin mai ko kananzir, ƙona fata suke yi.

Ɗan tsakon da yatsunsa suka lanƙwashe ciki yana tafiya da gwiwa, sau da yawa ƙarancin bitamin B2 ne, kuma bitamin na kaji a ruwa yana taimakawa idan an yi da wuri. Amma matashiyar kazar da ta kwanta ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ba rauni ba kumburi, ana zargin cutar Marek. Ba ta da magani, sai rigakafi tun ranar ƙyanƙyasa, don haka a ware kazar daga sauran.

Idan likita ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ba ta bisa nauyinta, a cika kwanakin ko da ta miƙe. A kuma tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwanta, domin maganin yana sauka cikin ƙwai, kuma yaran gidan ne za su ci.